Yadda ake saka wa mashin hon mai ƙara ba tare da an ƙona waya ko an kashe batir ba

Duk mai hawa mashin a garin Gombe ya san hon ɗin da kamfani yake sako wa Boxer ko Jincheng ko Haojue ko TVS na cikin unguwa ne. A lungunan Bolari ko Herwagana ko Jekadafari yana aiki, ka danna yaro ya ji ya kauce, mai baro ya matsa gefe, shikenan. Amma ka hau hanyar Bajoga ka tsinci kanka a gefen tirelar siminti da ta taso daga Ashaka, ko ka shigo gari ta hanyar Bauchi ka gangaro ta Mil Uku manyan motoci na binka a baya wasu na gefenka, a nan zaka gane ɗan "fit fit" ɗin nan babu inda yake zuwa, direba yana can sama gilas a rufe inji na ruri ƙila ma rediyo a kunne, kai kuma kana daidai wurin da madubinsa baya nuna masa. In ya karyo kan mota ya yo kanka ba mugunta bace, bai san kana nan bane. Saboda haka ni ina goyon bayan mutum ya canza hon ya sa mai ƙara, a sa wallahi. Abin da yake damuna shine yadda ake sawa.

Abin da yawanci akeyi, a sayo ƙaton hon, a zare wayoyi biyun nan daga jikin tsohon, a cusa su a jikin sabon, a danna a ji ya yi ƙara, a ce an gama. Ranar farko lafiya. Bayan ɗan lokaci sai kaji muryar hon ɗin ta fara shaƙewa, sai ka danna sau biyu sau uku kafin ya amsa, wata rana kuma shiru. In ka kwance maɓallin da ke hannun hagu ka leƙa ciki zaka ga ɗan jan ƙarfen nan da yake taɓa ɗan uwansa in ka danna ya yi baƙi ƙirin, ya rarake, robar da ke kewaye da shi ta narke ta lanƙwashe, har ɗan sifirin ɗin ya saki. Dalili kuwa a fili yake. Hon ɗin kamfani wutar da yake ja bata wuce amfiya 1 zuwa 2 ba (amfiya shine ma'aunin yawan wutar da abu yake ja), kuma wayar da maɓallin da aka yi masa daidai wannan nauyin aka yi su, siririyar waya ce. Hon biyu masu faifai suna jan wajen amfiya 6 zuwa 8 in aka haɗa su, masu kama da dodon koɗi suna iya haura haka, na iska mai kwamfuresa kuma yana kaiwa wajen amfiya 18. Ka ɗora wannan a kan wayar da aka yi don amfiya 2, toh dole ta yi zafi, kuma wutar ma bazata isa hon ɗin cikakkiya ba, kaga ka biya kuɗin hon mai ƙara amma rabin muryarsa kake ji. Maganin wannan duka abu biyu ne masu araha, rile (ɗan makunni da ƙaramar wuta take sa shi ya haɗa babbar wuta) da fiyus, kuma duk bayanin da zan yi a kansu yake tafiya.

Kafin ka je kasuwa, ka fara duba mashin ɗinka. Wani lokacin hon ɗin kamfani lafiyarsa ƙalau, batir ne ya yi sanyi ko bakin waya ya yi tsatsa. Ka samu mita wajen mai rewaya ya ɗora maka a kan batir inji a kashe, batir mai lafiya yana nuna wajen 12.6V, in kaga 12.2 ko ƙasa da haka ya fara gajiya. Sai a tada inji a ɗan ba shi wuta, ya kamata ya hau tsakanin 13.5 da 14.5, in bai hau ba toh caji baya shiga, ko rektifaya ko kwayil ko wata waya ta saki, wannan zaka fara gyarawa. Ka duba rubutun jikin batir ɗin ma ka tabbatar 12V ne, don akwai tsofaffin mashina masu 6V, hon ɗin 12V bazai yi musu kuka ba. Ka duba girmansa, yawancin ƙananan mashinanmu 5Ah ne ko 7Ah, wasu masu kik kaɗai ma basu kai haka ba.

Sai maganar masu hawa babu batir sam, da yawa cikin 'yan uwanmu masu acaɓa haka suke, batir ya mutu an cire an ajiye, kik ake yi a tafi. Ɗan uwa in haka mashin ɗinka yake kar ka ɓata kuɗinka a kan hon tukuna. Wutar da take fitowa daga inji kai tsaye hawa da sauka take, rile zai riƙa kakkarwa yana "tarrr" maimakon ya kama, hon ɗin kuma in inji na silo da ƙyar zai yi gurnani. Batir shine farko.

Yanzu zaɓen hon. Iri uku ne zaka fi samu wajen masu kayan mashin da na mota. Akwai mai faifai, zagayayye shafaffe irin na kamfani amma ya fi girma, muryarsa kaifi gareta tana huda hayaniya, kuma shine ya fi jure ƙura da ruwa saboda bashi da wani rami da abu zai taru a ciki. Akwai mai dodon koɗi, wanda bakinsa yake naɗe, muryarsa irin ta mota ce mai kauri mai daɗin ji, direba in ya ji zai zaci mota ce a gefensa kuma wannan kaɗai yana sa ya nutsu, amma ruwa da laka suna shiga bakinsa in ba a kafa shi daidai ba. Sai na iska mai kwamfuresa, shine sarkin ƙara, shine kuma sarkin shan wuta. Lissafa da kanka, amfiya 18 a kan 12V ya haura wat 200, wato kamar ka kunna ƙwan fitilar gaba mai wat 35 guda shida a lokaci ɗaya. Ga mai ƙaramin batir da yake yini cikin gosulo a Tashar Dukku ko bakin babbar kasuwa yana danne-danne inji na silo, ni bana bashi shawarar wannan. Mai faifai biyu ko dodon koɗi biyu sun ishe ka, kuma in tafiyarka ta ƙauye ce, hanyar Dukku ko Nafada ko cikin gonakin Dadin Kowa inda ƙura da laka suke, ɗauki mai faifai.

Masu zuwa biyu a kwali, zaka ga an rubuta H a jikin ɗaya L a jikin ɗaya. H siririyar murya ce, wajen 500Hz, L kuma kakkaura, wajen 400Hz, haɗuwarsu ce take bada wannan cikakkiyar muryar. Ka buɗe kwalin a shago ka duba, kar a haɗa ka da H biyu ko L biyu. Maganar desibel, wato ma'aunin ƙarfin ƙara, da ake rubutawa a kwali kuma kar ta ruɗe ka, wasu a bakin hon ɗin suke aunawa su rubuta lamba mai ban tsoro, ma'aunin kirki daga nisan mita 2 ake yi. Hon mai kyau yana kaiwa 110 zuwa 115 a wannan nisan, kuma ƙarin desibel 10 a kunnen mutum kamar ninki biyu ne, don haka tsakanin 100 da 110 ba ƙaramin bambanci bane. Ka ce mai shago ya ɗora maka a batir ka ji da kunnenka, ka ɗaga ka ji nauyinsa a hannu, wanda bashi da nauyi kamar gwangwanin madara wayar cikinsa kaɗan ce bazai daɗe ba. Wanda yake yin jiniya irin ta 'yan sanda ko motar asibiti ko ta kwana-kwana kuwa ka barshi a shagon, doka bata yarda mutum ya sa wa abin hawansa ba, 'yan Road Safety da VIO suna da hurumin tsayar da kai a kansa, kuma in kowa ya sa toh ranar da motar asibiti ta gaske ta ɗauko mara lafiya zuwa Teaching Hospital ba wanda zai kauce mata.

Sauran kayan da zaka haɗo: rile mai ƙafa huɗu na 12V, wanda aka rubuta 30A ko 40A a jikinsa, in da soket ɗinsa mai wayoyi ya fi. Gidan fiyus na kan waya mai murfi, da fiyus ɗinsa har da na ajiya. Waya mai kauri ta mota, 1.5mm in mai faifai ne, 2.5mm in dodon koɗi manya ne ko na iska, ja da baƙa, kamar mita biyu kowacce, ka fere bakinta a shago ka ga jan ƙarfe ne na gaske mai silili da yawa don akwai mai kaurin roba cikinta fayau. Kan waya na cusawa da masu zobe na ɗaurawa a noti, baƙin salatif, igiyar roba mai zugewa ta ɗaure waya. Kayan aiki kuma sifana 8 da 10 da 12, sukudireba, filaya, da testa mai ƙwai.

Girman fiyus ya danganta da hon. Mai faifai biyu 10A, shine ja. Dodon koɗi biyu 15A, shine shuɗi. Na iska 20A ruwan ɗorawa ko 25A, sai dai in takardar cikin kwali ta faɗi wani abu daban, toh ita zaka bi. Kar ka ce bari in sa kore mai 30A don kar ya riƙa ƙonewa, ai aikinsa kenan ya ƙone kafin waya ta ƙone.

Bari in yi bayanin rile ɗin sosai don wanda ya gane shi ba sai ya haddace komai ba. Juya shi ka kalli ƙasansa, kusa da kowace ƙafa akwai lamba ƙanana, 30 da 85 da 86 da 87. A cikinsa akwai ɗan naɗin waya tsakanin 85 da 86, in wuta kaɗan ta bi ta nan sai ya zama maganaɗisu ya jawo wani ɗan ƙarfe ya haɗa 30 da 87, zaka ji ya ce "ƙas". Wutar da naɗin yake ci bata kai rubu'in amfiya ɗaya ba. Kamar ka aiki yaro ya kira maka ɗan dako ne, yaron baya ɗaukar buhu kira kawai nasa. Maɓallinka na hannu ya koma mai kira, babbar wuta kuma ta taso daga batir ta kakkaurar waya ta shiga 30 ta fita 87 ta tafi hon, bata bi ta maɓalli ba sam. In wanda ka samu mai ƙafa biyar ne ba matsala, ta tsakiyar 87a ce, ka barta haka nan ka naɗe ta da salatif, don ita tana ɗauke da wuta duk lokacin da ba a danna hon ba, in ta taɓa bodi, wato ƙarfen jikin mashin, fiyus ya tafi.

Toh mu fara aiki. Ka kafe mashin a kan babbar jak a wuri mai haske, ka bari inji da salansa su huce. Cire sayid koba, in batir ɗinka a ƙarƙashin sit yake ka cire sit, in da hali ka sassauta tanki ka ɗaga shi don ta ƙarƙashinsa waya zata bi.

Mataki na farko, tun batir na haɗe, ka gane wayoyin tsohon hon. Zare su biyun daga jikinsa, ka maƙala bakin testa a jikin bodi, ka buɗe makulli, ka taɓa kowace waya. A yawancin mashina ɗaya zata kunna testa ko baka danna komai ba, wato wuta tana zaune a hon kullum, maɓalli kuma bodi, wato negatif, yake bayarwa in an danna. A wasu kuma babu wadda zata kunna sai ka danna. Ka riƙe wadda take kawo wuta, ka ɗan liƙa mata salatif don ka gane ta. Kar ka dogara da launi, a mashinan da suka bi tsarin Honda, kuma yawancin na Chana haka suke, baƙar waya ce take kawo wuta bayan an buɗe makulli, koriya ita ce ta bodi, mutum da ya saba baƙi shine negatif sai ya haɗa a juye. Testa bata ƙarya.

Na biyu, kashe makulli ka cire kan batir, negatif zaka fara cirewa, ka kawar da wayar gefe inda bazata dawo ta taɓa ba. Dalilin fara cire negatif, in ka fara da fositif sifanarka ta taɓa bodi tartsatsi ne zai tashi a gefen tanki da tiyon mai. In kana da zobe ko agogon ƙarfe ka cire.

Na uku shine neman mazaunin hon, kuma a nan zaka fi ɓata lokaci, ka ɓata ɗin. Kwance tsohon ka ga ko ramin notinsa zai ɗauki ɗaya daga cikin sababbin. Na biyun ana yawan samar masa wuri a ɗaya gefen firam ƙasan tanki, ko a jikin ƙarfen kariya na gaba in mashin ɗin yana da shi. Ka riƙe da hannu tukuna kar ka ɗaure, ka juya kan mashin har ƙarshe dama, har ƙarshe hagu, ka ga baya taɓa komai. Sai ka sauke daga jak ka kama birkin gaba ka danna mashin ɗin ƙasa da ƙarfi, don shokozoba in ta nutse a rami madgad yana tasowa sama sosai fiye da yadda kake zato, hon da yake da sarari a tsaye sai ya daki madgad a ramin farko. Ka nisanta shi da kan inji da wuyan salansa, musamman dodon koɗi da bakinsa roba ne, kuma kar ka kafa su su tare iskar da take sanyaya inji, mashinanmu da iska suke hucewa, zafin Maris da Afrilu a Gombe kuwa kowa ya sanshi.

Ɗan siririn ƙarfen nan da yake zuwa maƙale da hon, wanda wani lokacin fale-fale ne biyu ko uku a haɗe, da shi zaka ɗaure, kar ka cire shi kar kuma ka sa a yi maka walda da wani ƙaton ƙarfe a madadinsa. Hon da karkarwa yake kuka, wannan ƙarfen shi yake barinsa ya karkaɗa, in ka ɗaure shi ƙam a jikin firam ko gefensa yana taɓa tanki, murya zata mutu ta koma kamar an toshe masa baki. Ya zama babu inda yake taɓawa sai wurin notin. Mai faifai fuskarsa ta kalli gaba. Dodon koɗi bakinsa ya kalli ƙasa ya ɗan karkata gaba, yadda duk ruwan da ya shiga zai zubo, in ka kafa shi baki sama ruwan Agusta ɗaya ya ishe shi. Ka sa wasa mai sifirin a ƙarƙashin notin don girgiza. Akwai wani ɗan sukuru a bayan hon da aka ɗiga wa fenti ko gam, na saitin murya ne daga kamfani, sabon hon baya buƙatar a taɓa shi.

Na huɗu, mazaunin rile. Kusa da tsohon wurin hon ya fi sauƙi don wayoyi biyun nan su kai ba sai an ƙara musu tsawo ba, ƙarƙashin tanki a jikin firam wuri ne mai kyau. Ƙafafunsa su kalli ƙasa don kar ruwa ya kwanta a ciki. Ka ɗaure ta kunnensa da noti ko da igiyar roba biyu, kar ka barshi yana lilo.

Na biyar, haɗin waya, ka bi a hankali. Tsofaffin wayoyi biyu da ka zare daga hon ɗin kamfani, wadda ka yi wa alama mai kawo wuta ta tafi 86, ɗayar ta tafi 85. A rile na gama-gari ko ka juya su zai yi aiki, amma akwai masu diyod a ciki da basa yarda da juyi, don haka ka saba da 86 wuta 85 bodi ka huta. Daɗin wannan haɗin shine baka yanke ko waya ɗaya ta kamfani ba, kuma hon bazai yi kuka ba sai makulli na buɗe, yara bazasu zo su shanye maka batir a ƙofar gida ba. In tsohon hon naka waya ɗaya ce tak take zuwa masa, toh ita ce 86, sai ka ja gajeriyar waya daga 85 zuwa bodi.

Sai jar waya mai kauri. Bakinta ɗaya ka sa mata zobe zata zauna a fositif na batir, daga nan gidan fiyus, kuma ya zama kusa da batir sosai, kar ya wuce tsawon tafin hannu. Wannan wurin mutane suna sakaci da shi su kai fiyus can gaba kusa da hon, alhali duk tsawon wayar da ke tsakanin batir da fiyus bata da mai kare ta, in ta goge a firam ta taɓa bodi ja zata yi kamar garwashi a ƙarƙashin tankin mai, kuma ko ka kashe makulli bazata tsaya ba don kai tsaye daga batir take. Fiyus ɗin kansa kar ka cusa shi yanzu, ajiye a aljihu. Daga gidan fiyus ka bi da wayar gefen babbar wayar mashin ta ƙarƙashin tanki har zuwa 30. Daga 87 kuma wata jar waya ta fita zuwa hon na farko, daga bakin nan ka yi reshe zuwa na biyu. Ɗaya bakin kowane hon baƙar waya ce zuwa bodi. Hon na lantarki masu baki biyu yawanci basu damu da wane baki ne wuta ba, amma in kaga alamar + da − ka bi, na iska kuwa dole ne ka bi don in ka juya kwamfuresa baya zata juya, zaka ji tana gunji babu kuka.

Wurin ɗaura wayar bodi shima sai an kula. Ka nemi noti a jikin firam ɗin kansa, ka kankare fenti da tsatsa har farin ƙarfe ya fito, ka ɗora zoben ka ɗaure tam, ka shafa ɗan giris a kai. Kar ka ɗaura a jikin kan mashin da yake juyawa ko a ƙarfen da yake zaune kan roba, wutar bata wucewa sosai ta nan. In na iska ne ma gara ka ja baƙar wayar ta koma har negatif na batir. Kauri ɗaya zaka sa da jar, don wutar da ta je ita ce take dawowa.

Game da haɗa bakin waya, dan Allah a daina murɗawa da hannu a naɗe da salatif a ce an gama. Zafi yana sa gam ɗin salatif ya saki, girgiza ta warware murɗin. Ka fere wajen rabin santimita, ka cusa a kan waya, ka matse da filaya da ƙarfi, sannan ka ja da hannu ka gwada, in ta zare ka sake. In akwai mai dalma kusa a ɗiga. Bayan nan salatif. Sai ka ɗaure wayoyin da igiyar roba a jikin firam tazara kaɗan-kaɗan, inda waya zata wuce ta bakin ƙarfe mai kaifi ka zura ta cikin guntun tiyo, kar ta taɓa kan inji ko wayar fulogi, kar tanki ya danne ta in an mayar da shi, kuma a wajen wuyan mashin ka bar mata ɗan sako-sako don juyawa.

Na shida, gwaji. Ɗaura zoben jar waya a fositif, sannan ka mayar da negatif a ƙarshe. Har yanzu fiyus na aljihunka. Buɗe makulli ka ɗora yatsa a kan rile ka danna maɓalli, ya kamata ka ji "ƙas" in ka danna "ƙas" in ka saki. In ka ji toh ɓangaren kira ya yi. Sai ka cusa fiyus, ka gaya wa na kusa da kai su shirya, kai ma ka kawar da kunnenka daga bakin hon don ƙara ta kusan desibel 120 a kusa tana yi wa kunne illa, ka ɗan taɓa sau ɗaya. Sai ka tada inji ka sake gwadawa, ka juya kai dama da hagu kana dannawa, ka taɓa wayoyin ka ji ko akwai mai ɗumi.

In abu bai yi ba ga yadda zaka bi sawu. Babu "ƙas" sam, matsalar tana 85 da 86 ko maɓallin da kansa ya riga ya ci wuta, a buɗe a goge da sanfefa. Akwai "ƙas" babu kuka, duba fiyus, duba bodi. Hon ya kama kuka shi kaɗai da ka cusa fiyus, toh a 87a ka sa, ko ka haɗa 30 da hon kai tsaye. Fiyus ya ƙone nan take, jar waya tana taɓa ƙarfe a wani wuri. Murya a shaƙe ko tana rawa, ko hon na taɓa wani abu, ko bodi bai kama ba, ko batir. Rile yana "tarrr" in ka danna, batir ne yake faɗuwa da zarar nauyi ya hau kansa. Ɗaya na kuka ɗaya shiru, zare reshen ka gwada kowanne shi kaɗai a jikin batir.

Da yake yanzu muryar mashin ɗinka ta kai ta mota, sai hannunka ya canza shima. Taɓawa ɗaya gajeriya ta isa a cikin gari, dogon dannawa na babban titi ne da manyan motoci. Tsoho da yake tsallaka titi a Pantami ko mace mai goyo ko yara 'yan makaranta, in ka zo dab da bayansu ka saki wannan ƙarar firgita zasu yi, wanda ya firgita kuma baya sanin inda zai yi tsalle, sau da yawa gabanka zai faɗo. Daga nesa ake yi musu, a rage wuta. Haka dabbobi, in ka haɗu da garken shanu a hanyar Kumo ko Dukku kar ka danna, tsaya su wuce. Gefen asibiti da masallaci lokacin sallah da cikin unguwa da dare kuma ba sai an faɗa ba. Wasu suna barin tsohon hon a wurinsa su sa ɗan maɓalli na biyu, ƙaramin na unguwa babban na titi, in mai rewayarka ya iya wannan dabara ce mai kyau sosai.

Bayan kwana kaɗan da fara hawa ka sake bin notin hon da sifana don girgiza tana sassauta su, ka leƙa ƙarƙashin tanki ka ga ko akwai inda waya ta fara gogewa. In zaka kai wanki ka ce wa yaron kar ya saita bakin injin ruwa cikin hon ko kan rile. Lokacin hunturu ƙura tana cika bakin dodon koɗi, ka riƙa kaɗe shi, da damina kuma ka duba bakin wayoyi in sun fara yin kore ka goge ka shafa giris. Fiyus na ajiya guda biyu ka naɗe a leda ka liƙa a cikin sayid koba. In ya ƙone ka canza ya sake ƙonewa, kar ka cusa silin waya ko takardar sigari a gurbinsa, zare shi gaba ɗaya, ka mayar da wayoyi biyun nan na 85 da 86 jikin tsohon hon in yana nan ka lallaɓa gida da shi, sannan a bi jar wayar daga batir har hon a nemo inda ta ji ciwo.